MACE DA KUƊIN GINI: DAGA ADASHI ZUWA BANKI

Wanda ya daɗe bai bi hanyar Rano ba, in ya koma yau zai yi mamaki. Tun daga Bunkure har ka hango duwatsun Rano, ka ratsa gari ka kama hanyar Kibiya, wuraren da dā ka sani gonakin dawa ne a bakin titi yanzu sun zama jerin shaguna na bulo da kwano. Wannan na mai sayar da taki da maganin feshi ne, wancan na tela, ga na mai cajin waya, can baya kuma ga sito inda ake jibge masara da shinkafa. Matafiyi gini kaɗai yake gani. Mu kuwa tambayar da ta tsaya mana a rai ita ce, da kuɗin wa aka yi su? Gama bulo ba ya tsirowa kamar dawa, sai an zuba masa kuɗi.

In ka bi sawun kuɗin nan a hankali, sau da yawa sai ka tarar ya bi ta hannun mace. Sunan da aka san shagon da shi na maigida ne, ko na ɗansa, amma kwanon rufi da kuɗin adashin uwargida aka saya, filin kuma awakinta ne suka biya. Akwai ma matan da wannan ya zama musu sana'a sosai. Suna tara kuɗin mutane, suna ba da rance, suna karɓar jingina, suna gina rumfa da shago su ba da haya. Waɗansu sun yi shekara talatin a kai ba a taɓa jin kansu da kowa ba. Waɗansu kuwa ba su cika shekara uku ba sai ga su a gaban dagaci.

A manyan birane aikin nan yana da ofisoshi da ma'aikata masu digiri. Su ne suke nemo kuɗin gina kasuwanni da otal da ɗakunan ajiya, su auna ko hayar da za a samu za ta iya biyan bashin. Amma in ka tuɓe masa kwat, aikin ɗaya ne da na uwar adashi a Kibiya, watau riƙon kuɗin da ba naka ba, da ɗora shi a kan ƙasa da gini. Saboda haka muka ga ya kamata mu duba abin da yake sa mace ta daɗe a cikinsa, ko a ƙauye ko a banki, musamman domin iyayen da Allah ya ba su 'ya'ya mata masu kan lissafi.

Gadon gayauna

Yawancin masu bi na ƙasar Rano da Kibiya, da maƙwabtansu na Sumaila da Tudun Wada, daga gidajen Maguzawa suka fito. A waɗannan gidaje mace ba ta taɓa zama 'yar kallo wajen dukiya ba. Tana noma a gandu tare da kowa, tana kuma da gayaunarta, abin da ta samu a ciki nata ne, rumbunta dabam. Tana kiwon awaki da kaji. Da yawa kuma suna dafa giya, wadda a wancan zamani ita ce babbar hanyar samun kuɗin mace. Sa'ad da bishara ta shigo, matan da suka tuba suka kife tukwanen giya. Ba ƙaramar hasara suka ɗauka saboda sunan Yesu ba, ko da yake ba a cika tunawa da wannan ba in ana ba da tarihin ikkilisiya. Amma hannun da ya saba juya kuɗi ba ya zama haka nan. Suka koma ga ƙuliƙuli da man gyaɗa, da daddawa, da sayen hatsi da kaka a sayar da bazara.

Da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, noman rani ya buɗe a Kadawa da Kura da Bunkure. Shinkafa da alkama da tumatir da albasa suka yawaita, 'yan kasuwa suka riƙa zuwa daga nesa. Kaya in ya yi yawa yana neman wurin ajiya, ɗan kasuwa kuma yana neman inda zai kasa. Daga nan ɗaki mai ƙofa da kwado a bakin hanya ya zama abin da ake biyan kuɗi a kansa.

Uwar adashi

Makarantar farko ita ce adashi. Mata goma ko ashirin su riƙa zubi kowane mako, ko kowace ranar kasuwa, ɗaya ta kwashe, haka har a zagaya. Kowa ya san wannan. Abin da ba kowa yake lura da shi ba shi ne nauyin da yake kan uwar adashi. Ita ce take sanin wadda za a sa a farko da wadda za a bari a ƙarshe. Ta san wadda mijinta yake ƙwace mata kuɗi, da wadda take zubi a wuri uku tana ɗaukar na nan ta toshe na can. In wata ta kwasa ta daina zubi, idon kowa a kan uwar adashi yake, sau da yawa daga aljihunta take cikawa don kada zubin ya watse. Manajan banki ma aikinsa ke nan, sai dai shi yana da lauya.

To, me ya sa mai hankali in ta kwashi adashi take gaggauta kai shi ga ƙasa? Domin ta ga abin da ya sami kuɗin takarda a zamaninta. Tsofaffinmu sun ga an bar fam da sule an koma naira a 1973. Sun ga canjin kuɗi na watan Afrilu 1984, lokacin da waɗanda suka binne kuɗi a tukunya suka yi ta gudu don kada wa'adi ya wuce su. Daga 1986 darajar naira ta kama gangara. A farkon 2023 an sake canjin kuɗi, mutum da kuɗinsa a banki ya rasa na cefane. Hukumar ƙididdiga ta ce a watan Disamba 2024 tsadar kaya ta ƙaru da kashi 34.8 cikin 100 a shekara guda. A irin wannan hali, wadda ta kwashi adashi a ƙarshen zagaye ba ta sami abin da ta farko ta samu ba, ko da adadin ɗaya ne. Fili kuwa yana nan inda aka bar shi.

Jingina

Mataki na biyu, wanda kuma ya fi haɗari ga ran mai bi, shi ne jingina. Mutum ya shiga matsala, ko rashin lafiya, ko aure, ko shari'a. Ba ya so ya sayar da gonar gado. Sai ya karɓi kuɗi a hannun mai shi, ya ba da gonar, mai kuɗi ya riƙa nomawa har ranar da aka mayar masa da kuɗinsa. Yanzu har shago da rumfar kasuwa ana jinginarwa, mai kuɗi ya riƙa karɓar haya. Akwai kuma wata dabara mai kama da ita: mai fili ba shi da kuɗin gini, sai wani ya gina masa shaguna, ya ci hayarsu shekarun da suka yanka, sa'an nan ginin ya koma ga mai fili.

Jingina ba ciniki ba ce, kuma komai daɗewa ba ta zama ciniki. Al'adarmu haka ta ce, kotunan Nijeriya ma sun tsaya a kan haka: ko bayan mutuwar masu yarjejeniya, magada suna da ikon kawo kuɗi su fanshi gonar ubansu. Rigimar takan taso ne sa'ad da shaidun baka suka mutu. 'Ya'yan mai kuɗi su ce saye aka yi, 'ya'yan mai gona su ce jingina ce. Mace mai son ta daɗe a wannan sana'a ba ta karɓar ko da kunya ɗaya ta gona sai an rubuta, da kwanan wata, da adadin kuɗi, da iyakar gonar, da kalmar jingina ɓaro-ɓaro, a gaban mai unguwa da shaidu daga dangin mai gona. Ta ba shi takarda ɗaya, ta riƙe ɗaya. Takardar nan tana tsare ta, amma ta fi tsare wanda ya zo da buƙata, shi ya sa marasa gaskiya ba sa son ta.

Sai dai takarda ba ta gama magana ba ga wadda take bin Ubangiji. A ce kin ba da kuɗin buhu biyar, kin riƙe gonar da take ba ki buhu huɗu kowace shekara bayan kin cire wahalar noma da taki. Shekara shida ke nan. Mai gona yana wuce ta kullum zuwa ƙodago a gonar wani. Dokar gari ba ta kama ki ba, gama bai kawo kuɗin ba. Amma ki buɗe Nehemiya sura 5 ki karanta. Can ma yunwa ce ta sa talakawa suka jinginar da gonaki da gidaje ga 'yan'uwansu masu hali, Nehemiya kuwa ya tara manyan, ya sa suka mayar da su. Littafin Firistoci sura 25 ya kafa ikon fansar ƙasa. Maimaitawar Shari'a sura 24 ta hana a karɓi dutsen niƙa ko tufar gwauruwa a matsayin jingina, domin abin da mutum yake rayuwa da shi ne. A ganinmu, abin da ya dace shi ne tun farko a yanka wa'adi, a kuma riƙa rage bashin da wani kashi na amfanin gonar, har ranar da za ta koma ga mai ita ko bai kawo kwabo ba. Wata za ta ce wannan hasara ce. Mu dai mun lura cewa wadda aka sani da cinye gonakin mutane, ba a daɗe ana kawo mata ajiya ba, jarinta kuwa ajiyar mutane ce.

A nan sai mu tuna muna zaune da maƙwabta Musulmi, waɗanda addininsu ya haramta kuɗin ruwa. Bankin Jaiz, wanda ya fara aiki a 2012 da rassa a Abuja da Kaduna da Kano, ba ya ba da rance da ruwa. Yakan sayi kaya ko gini ya sayar wa mutum da riba sananniya a biya sannu a hankali, ko ya ba shi haya. Ƙofarsa a buɗe take ga Kirista ma. Mace mai bi da take harka a Rano ko Kibiya, inda yawancin 'yan hayarta da abokan cinikinta Musulmi ne, ya kamata ta fahimci waɗannan hanyoyi, gama su ne za su sa a zauna da ita a yi magana.

Lissafin shago

Yanzu bari mu ɗauki alli mu yi misali, adadin namu ne don koyarwa kawai. A ce fili da ginin shago ɗaya sun ci naira 1,500,000. A ce ana biyan hayarsa naira 120,000 a shekara. Watau kowace naira 100 da kika sa tana kawo miki naira 8 a shekara, kuma sai bayan shekara 12 da rabi kuɗinki zai dawo, in shagon bai kwana ko wata ɗaya ba kowa, in iska ba ta yaye kwano ba, in ɗan haya bai gudu ba. To, a ce kuɗin nan rance ne daga banki. A ƙarshen 2024 ma'aunin ruwa na Babban Bankin Nijeriya ya kai kashi 27.5 cikin 100, bankunan kasuwanci kuma sukan ɗora nasu a kai. In an ba ki a kan kashi 30, ruwan shekara ɗaya kaɗai naira 450,000 ne. Hayarki 120,000. Ba a kai ga uwar kuɗin ba tukuna.

Wannan ɗan lissafi shi ne zuciyar sana'ar gaba ɗaya. Masu ba da bashin gina manyan kasuwanni a Kano da Abuja da Legas tambayar da suke yi ke nan: haya za ta ɗauki bashin, har a sami rara? In ba za ta ɗauka ba, kyan ginin banza ne. Shi ya sa matan da suka daɗe ba sa gina shago da bashi mai ruwa. Da adashi da ribar hatsi suke yi, bana harsashi, baɗi bango, wata shekara rufi. Shago na farko ya taimaka a gina na biyu. Sannu ba ta hana zuwa.

Wani zai tambaya, ina rancen gwamnati mai sauƙi? Akwai Bankin Jinginar Gidaje na Tarayya, wanda aka kafa a 1977, da Asusun Gidaje na Ƙasa na 1992, inda ma'aikaci yake zuba kashi 2.5 cikin 100 na albashinsa. Amma wannan domin gidan kwana ne, ba domin shago ba.

Sa'an nan ga wuta. A watan Maris 2016 gobara ta cinye dubban shaguna a kasuwar Sabon Gari ta Kano cikin dare ɗaya. Waɗanda suka sa dukan abin da suke da shi a layi ɗaya, ba inshora, suka wayi gari da toka da bashi. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Sunan wa ke kan takarda?

Tun ranar 29 ga Maris 1978, Dokar Amfani da Ƙasa ta sa dukan ƙasar jiha a hannun gwamna, yana riƙe da ita amana domin jama'a. Abin da mutum yake da shi ikon zama da amfani ne. A birni gwamna yake ba da takardar shaidar mallaka, a karkara kuwa ƙaramar hukuma tana da ikon ba da tata bisa ga al'ada. Banki ba ya karɓar takardar ciniki ta mai unguwa kaɗai a matsayin jingina. Ko da takardar gwamna ma, sai an nemi yardarsa kafin a jinginar. A 1989, a shari'ar bankin Savannah da Ajilo, Kotun Ƙoli ta ce jinginar da aka yi ba da yardar gwamna ba, ba ta da ƙarfi. Bankin da ya ba da kuɗi shi ya tashi a tutar babu. Duk ma'aikaciyar banki da take sa hannu a kan bashin gini ta san sunan wannan shari'a.

Takarda kuma ba ta isa ba sai an bincika asalin filin. A watan Yuni 2023 sabuwar gwamnatin Kano ta rushe shagunan da aka gina a Filin Idi da waɗansu wurare, ta ce filayen jama'a ne. Masu shagunan suna riƙe da takardun da aka ba su a zamanin gwamnatin da ta gabata. Sun je kotu, kotu ta ce a biya su diyya, amma ginin ya riga ya zama tarin ƙasa. A ƙaramin gari ma haka ne: filin makaranta, da burtali, da gefen da aka keɓe wa titi, kome arharsu cinikin biri a sama ne.

Amma abin da ya fi cin matanmu yana cikin gida. Mace ta yi shekara goma tana tara kuɗi, aka sayi fili. Ranar rubuta takarda ta ji kunyar zama cikin maza, ta ce, “Maigida, a sa sunanka kawai.” Aka sa. Suna zaman lafiya, ba abin da ya faru. Sai ranar da Ubangiji ya kira shi. Bayan an share makoki ƙannensa suka zo, “Yaya, ai shagunan nan na gidanmu ne, ga sunan ɗan'uwanmu.” Da me za ta yi gardama? Wannan labari ba na gida ɗaya ba ne, kowane fasto da ya daɗe a aiki ya zauna a kan irinsa. Ya ku mazaje, sa sunan matarka a kan abin da guminta ya saya ba raini ba ne gare ka. In kun haɗa kuɗi, a rubuta sunayenku biyu. A rubuta wasiyya tun da sauran lafiya.

Haka nan 'ya'ya mata. A Littafin Ƙidaya sura 27 'ya'yan Zelofehad, mata biyar, suka tsaya a gaban Musa suna neman gadon ubansu, Ubangiji kuwa ya ce suna da gaskiya. A ƙasarmu ma, a watan Afrilu 2014, a shari'ar gidan Ukeje, Kotun Ƙoli ta soke al'adar da take hana 'ya mace gadon ubanta, ta ce ta saɓa wa tsarin mulki. Matar kirki da aka yaba a Karin Magana sura 31, a cikin ayyukanta har da duba gona da sayenta. A ranar mata mukan yi ta wa'azi a kan tashinta da asuba da ɗinkinta, mu tsallake wannan.

Waɗanda suka shiga banki

Ba yau mata suka fara hawa manyan kujerun kuɗi a Nijeriya ba. Bola Kuforiji-Olubi da koyarwa ta fara, ta koma karatun akanta, a 1984 ta zama shugabar hukumar gudanarwa ta bankin UBA, a 1989 kuma mace ta farko da ta shugabanci ƙungiyar akantoci ta ICAN. Rose Okwechime ta yi fiye da shekara ashirin tana shugabancin Abbey, bankin ba da rancen gine-gine da ya fara aiki a farkon shekarun 1990, ta ga da yawa daga cikin irinsa sun buɗe sun rufe. Sarah Alade ta yi shekara goma, daga 2007 zuwa 2017, tana mataimakiyar gwamnan Babban Banki, har ta riƙe kujerar gwamna na ɗan lokaci a 2014. Tsohon Bankin Arewa, wanda dogon benensa yake Kano, ya narke cikin bankin Unity a 2006, a 2015 kuma aka ba wata mace, Tomi Somefun, shugabancinsa.

Ku dubi guguwar da mai dogon aiki ta ratsa. A watan Janairu 1998 an rufe bankuna 26 a rana ɗaya. A 2005 an tilasta wa bankuna su haɗu, daga 89 suka koma 25, ma'aikata da yawa suka rasa aiki. A watan Agusta 2009 Babban Banki, ƙarƙashin Sanusi Lamido Sanusi, ya sauke shugabannin bankuna biyar a yini ɗaya. A cikinsu akwai mace, Cecilia Ibru ta bankin Oceanic, wadda a lokacin ba macen da ta kai ta suna a harkar banki. A watan Oktoba 2010 ta amsa laifin ba da rance ba bisa ƙa'ida ba, aka yanke mata wata shida, aka karɓe gidaje da filaye da hannayen jari da aka kimanta wajen naira biliyan 190, waɗansu a Dubai da Amurka. Ba don mu yi mata dariya muka kawo wannan ba. Laifin da ya kā da ita shi ne wanda yake kā da uwar adashi a ƙauye, da ma'ajin Zumuntar Mata: ranar da mai riƙon amana ta fara ganin kuɗin ajiya kamar nata, tana cewa za ta mayar kafin a tambaya. Tsofaffi masu hikima sukan ɗaure kuɗin mutane a ƙyalle dabam, nasu a ƙyalle dabam, ba sa kwance na mutane ko da baƙo ya zo ba gishiri a gida. Ma'ajin da take karanta lissafi a gaban taro kowane wata, tana kuma neman wata ta ƙirga tare da ita, kanta take tsarewa.

Yarinyarmu da za ta shiga banki ta san abin da yake jiranta. Za a ɗora mata adadin kuɗin da za ta jawo, waɗansu masu kuɗi kuma za su nemi abin da ba na banki ba kafin su buɗe asusu. Za a kawo mata takardar ƙiyasin gini da aka kumbura, babba ya ce ta sa hannu kawai. Za a yi mata canjin wurin aiki tana da goyo. Wani zai yi mamaki, Bahaushiya kuma Kirista? Duk wannan gaskiya ne. Amma tana da abin da baƙo ba shi da shi. Hausa harshenta ne. Tana iya yin sallama ta shiga har ɗakin matan da suke kulle, inda ma'aikaci namiji ba ya shiga, kuma akwai dukiya mai yawa a waɗannan ɗakuna. Ta san bambancin jingina da aro da haya tun tana ƙarama. In an ce mata sito yana cika da kaka ya zama wayam da damina, ba sai an zana mata ba. Abin da take bukata daga gida shi ne miji da ya san aikin tun kafin a ɗaura aure, da uwa ko suruka da za ta riƙe yaro ba gori, da ikkilisiyar da ba za ta ɗauke ta injin buga kuɗi ba. Mun sha gani, da zarar 'yar gida ta sami aiki a banki, kowa sai ya taso, “'Yata, ki taimaka a ba ni rance.” In ta ce sai da takarda, a ce ta yi girman kai. Kuɗin ba nata ba ne. Wanda ya matsa mata ta karya ƙa'ida, aikinta yake nema ya kashe.

Hanyar karatu a buɗe take. Ana koyar da aikin akanta, da harkar banki, da sarrafa gidaje da filaye, watau kimanta darajarsu da kula da hayarsu, a Jami'ar Bayero ta Kano da Kwalejin Fasaha ta Kaduna. Kwalejin Fasaha ta Jihar Kano ma tana da reshe a nan Rano. Bayan makaranta akwai jarrabawar ƙungiyoyin sana'a, su ne suke sa in banki ɗaya ya rufe mutum ya sami wani, ko ya buɗe ofishin kansa. Duk waɗannan ƙofofi suna neman sakamako mai kyau a Lissafi da Turanci a jarrabawar gama sakandare. Uwar adashi kuwa da take da jika mai kaifin kai, ta zaunar da ita kusa ranar zubi, ta ba ta littafi da biro ta riƙa rubutawa.

Fom ɗin jarrabawar JAMB yakan fito a farkon shekara, wajen Janairu ko Fabrairu, sa'ad da kuɗin Kirsimeti ya ƙare, hatsi kuma bai yi tsada ba tukuna. Gidan da yake da yarinya a aji na ƙarshe, tun da kaka a ware buhun da zai biya shi, a sa masa alama.